Catfish: sunan tarwaɗa ne, ko sunan danginta duka?

Wani ɗan uwanmu mutumen Madarunfa da ke zaune a Amurka ya turo mana saƙon murya, rabi dariya rabi takaici. Kwaɗayin miyar tarwaɗa ne ya kama shi, ya tambayi wani abokin aikinsa ɗan Najeriya yadda ake ce mata da Ingilishi, aka ce masa catfish. Ya shiga babban kanti, ya ga sunan rubuce a jikin leda, ya biya kuɗi masu kauri. Da ya buɗe a gida sai ya tarar da tsoka fara fes, ba kai, ba fata, ba ƙaya. Ya zuba cikin tukunya, kafin miya ta nuna kifin ya dagargaje. Ɗanɗanon ma, in ji shi, ko kusa bai kama ƙafar tarwaɗar tabki ba. Tambayarsa ita ce: cutarsa aka yi, ko kuwa abokin ne bai san Ingilishi ba?

Ba wanda ya cuce shi, kuma abokin bai yi ƙarya ba. Kalmar ce take da faɗi, kuma faɗin nata yana canjawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Tun da muna da 'yan uwa a Kano, da Legas, da Kumasi, da Landan, da New York, kuma ga matasa nan gida sun fara kiwon kifi suna koyo ta salula, mun ga ya dace mu warware zancen.

Kalmar guda biyu ce aka haɗa. Cat shi ne kyanwa, ko mage, ko mussa kamar yadda da yawanmu ke cewa. Fish kuma kifi, kihi a bakin mutanen Maradi da Tawa. Ana furta ta kamar "katfish". Kifin kyanwa ke nan, don gashin bakin nan da ke zazzarowa a gefen bakinsa. Tarwaɗa tana da irinsa guda takwas, kuma ba ado ba ne: da shi take lalube da ɗanɗanon abinci cikin ruwa mai laka inda ido ba ya gani. Sunan ya daɗe a Ingilishi, ya haura shekara 400.

To, matsalar ita ce tarwaɗa ba ita kaɗai ke da gashin baki ba. Masana sun tara duk irin waɗannan kifaye cikin babban gida guda da suke kira Siluriform, kuma a gidan nan akwai iri sama da 3,000. Abin da ya haɗa su, ba su da ɓawo a jiki irin na karfasa, yawancinsu suna da gashin baki, da yawa kuma suna da ƙaya mai tauri a baya da gefe biyu. Akwai wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Akwai na kogin Mekong a Asiya, wanda a 2005 masunta a arewacin Tailan suka kama guda mai kilo 293. Duk waɗannan, a bakin mai jin Ingilishi, catfish ne.

A nan ne Hausa ta fi Ingilishin kasuwa tsantseni. Je ka bakin tabkin Madarunfa, ko Tabalak, ko Gidimuni, ko ka gangara Gaya bakin kogin Isa, ka ce wa masunci ƙurungu da tarwaɗa abu guda ne, ka ga kallon da zai yi maka. Ƙurungu gajere ne, mai kai kamar kwalkwali, mai ƙayar da in ta soke ka sai ka kwana kana jin ta, kuma yana gurnani in an fiddo shi daga ruwa. Ragon ruwa dabam, mai tsoka da daraja a kasuwa. Ramboshi ya yi kama da tarwaɗa ƙwarai, amma ya fi ta girma, kuma ƙayar bayansa ba ta kai har wutsiya ba, rabin na baya tsoka ce mai kitse. Ga minjirya, wadda ke jan mutum kamar ya taɓa wayar lantarki. Kowane da sunansa, da kuɗinsa, da yadda ake dafa shi. Ingilishi ya tattara su duka ƙarƙashin kalma guda, sai in ana son bambancewa a ƙara wata kalma a gaba. Minjirya, alal misali, electric catfish ce. Tarwaɗa kuwa African catfish, ko sharptooth catfish. A takardun masana sunanta Clarias gariepinus, sunan da wani Bature mai suna Burchell ya ba ta a 1822, daga Gariep, tsohon sunan kogin Orange na Afirka ta Kudu. Tana da 'yar uwa ta kusa a ruwayenmu, Clarias anguillaris, wadda ko masana sai sun buɗe kai sun ƙirga kafin su raba su. Mu dai duka tarwaɗa muke cewa.

Waɗanda suka yi lakwal za su ce ai mu silure muka sani. Haka ne, a Faransancin Nijar silure tarwaɗa ce da 'yan uwanta, haka ma'aikatan ruwa da dazuzzuka ke rubutawa. Amma a Faransa kanta silure wani ƙaton kifi ne na kogunan Turai da ke iya wuce mita 2 da rabi. Poisson-chat kuma, wanda shi ne fassarar catfish kalma da kalma, a can sunan wani ɗan ƙaramin baƙin kifi ne da aka kai daga Amurka a ƙarni na 19, ya yaɗu ya zama annoba a tabkunansu. Saboda haka ko ƙamus bai cika fidda mutum ba.

A Najeriya ne kalmar ta fi kusa da abin da muke nufi. In ɗan Kano ko ɗan Ibadan ya ce catfish, kusan kullum tarwaɗar kiwo yake nufi, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya kiwonta. A gidajen abinci na kudu akwai abin da suke kira point and kill: tarwaɗa na yawo da rai a cikin baho, ka nuna wadda kake so, a kashe ta nan take a yi maka farfesu. Wani lokaci ma ba a kiran sunan, sai a ce fresh fish, kowa ya gane. Yarabawa na ce mata aro. Masu kiwo kuma suna da wata da suka haɗa aure tsakanin tarwaɗa da ramboshi, suna kiranta Heteroclarias, don saurin girma. Duk wanda zai sayo 'ya'yan kifi daga ƙetaren iyaka ya kamata ya san wannan sunan, ya tambayi mai sayarwa wace ce a ciki, don wadda aka haɗa ba a dogara da ita wajen fidda iri.

A Gana za ka ji catfish, za ka kuma ji mudfish, wato kifin laka, da adwene a harshen Tuwi, musamman in bandarta ce. Mudfish ɗin nan ma tarko ne, don a wasu wurare da tsofaffin littattafai gaiwa ake nufi da shi, ita da ke shigewa cikin laka in tabki ya ƙafe ta jira damina. Gaiwa kuwa ko kaɗan ba ta cikin wannan gida. A Afirka ta Kudu, da Zimbabuwe, da Zambiya, masu Ingilishi na ce wa tarwaɗarmu barbel. Ka kai wannan kalma Ingila, sai a nuna maka wani kifin kogi mai ɓawo wanda ba shi da haɗi da ita sai gashin baki. 'Yan uwanmu na Sudan su garmut suka sani.

Yanzu mu koma Amurka, inda abin ya faru da ɗan uwanmu, don can ne zancen ya wuce na baki ya shiga doka.

Amurkawa suna da nasu kifin mai gashin baki, dangin da masana ke kira Iktaluride, wanda asalinsa na Amurka ta Arewa ne. Wanda suka fi kiwo shi ne channel catfish. Kalarsa toka-toka ce, wutsiyarsa a rabe take biyu kamar ta ragon ruwa, ba zagayayya irin ta tarwaɗa ba. Jihohin kudu, Misisipi da Alabama da Akansas, su ne cibiyar kiwonsa, cikin manyan tabkunan da aka haƙa a filayen da a da ake noman auduga. Abincin gargajiya ne a wajen mutanen kudu, baƙaƙe da farare: a yanka tsoka, a birkiɗa ta cikin garin masara, a soya cikin mai. Shugaba Reagan har rana ya ware masa, 25 ga watan Yuni 1987. A jihar Oklahoma da maƙwabtanta akwai masu kama shi da hannu, su zura hannu cikin rami a ƙarƙashin ruwa kifin ya cafke, su jawo shi. Lalube ke nan irin na yaranmu, sai dai su har gasa suke yi.

Tun da don suya ake kiwonsa, an fi son tsokarsa fara, mai laushi, marar ƙarni. Kifin da ya ɗauko warin laka ma ba a karɓarsa a masana'anta. Abin da Bahaushe ke nema a tarwaɗa, wato kai, da fata, da maiƙo, da tsokar da ke jure tafasa, shi ne daidai abin da ake cirewa kafin kifin ya iso kanti. Kun ga dalilin da miyar ɗan uwanmu ta watse.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 sai ga wani kifi daga Biyetnam ya fara cika kasuwar Amurka. Pangasius ne, ɗan gidan Siluriform shi ma, ana kiwonsa a bakin kogin Mekong, kuma ya fi na Amurka araha nesa ba kusa ba. Ana sayar da shi da sunan catfish, kuma a ilmance ba a yi ƙarya ba. Masu kiwon Misisipi suka ga kasuwarsu na zubewa, suka kai kuka majalisa. A 2002 aka sa cikin dokar noma cewa a Amurka ba kifin da za a rubuta wa catfish a sayar sai ɗan dangin Iktaluride. Na Biyetnam ya koma swai, ko basa, ko tra. A 2003 aka ƙara ɗora masa haraji mai nauyi. Masana kifi da dama sun yi ta mamakin yadda majalisa za ta yanke wa kifi suna, amma doka ta zauna. A ganinmu rigimar kasuwa ce aka sa wa rigar ilimi, ba wani abu ba. Sakamakonta dai shi ne, a kantin Amurka tarwaɗar Madarunfa ba ta da izinin amsa sunan catfish kai tsaye.

Sai kuma abin ya juya ta ɗaya gefen. Dokokin noma na 2008 da 2014 sun ɗauke binciken wannan kifi daga hukumar da ke duba sauran kifaye, suka miƙa shi ga ma'aikatar noma, wadda ke duba naman shanu da kaji, kuma sharuɗɗanta sun fi tsanani. Da aka zo fayyace wane kifi ake nufi, sai aka ce duk gidan Siluriform, ba Iktaluride kaɗai ba. Tsarin ya fara aiki ran 1 ga watan Maris 2016. Duk ƙasar da ke son kai irin wannan kifi sai ta nuna cewa binciken da take yi a gida ya yi daidai da na Amurka. Najeriya ba ta cika takardun cikin lokaci ba, aka rufe mata ƙofa daga 1 ga watan Maris 2018, masu banda da dama da suka dogara da kasuwar 'yan Afirka mazauna can suka yi asara. A 2019 ƙasashe uku aka amince da su: Biyetnam, Sin da Tailan. Ba ƙasar Afirka ko guda a cikinsu.

Ku dubi abin da kyau. A kan teburin mai kanti kalmar ta tsuke har ta fidda tarwaɗa waje. A bakin duwan kuma dokar ta buɗe har ta haɗiye tarwaɗa, da ƙurungu, da ragon ruwa, da ramboshi gaba ɗaya. Ɗan kasuwar da ya karanta dokar farko kaɗai, ya ce ai tawa ba catfish ba ce a wajensu, ya cika kwali da banda ya aika, zai iya rasa kayansa a tashar jirgi.

Ingila ba ta da irin wannan kifi na asali a kogunanta. Ƙaton nan na Turai, wanda suke kira wels, shigo da shi aka yi a ƙarni na 19, kuma masu fatsa don nishaɗi ne suka fi damuwa da shi. A bakin tsofaffin masuntan teku na Ingila da Sikotlan kuwa, catfish wani kifin teku ne mai manyan haƙora, ba shi da gashin baki ko ɗaya, wanda a littafi ake kira wolffish. Na Biyetnam ɗin nan a kantunansu basa ne ko river cobbler, a Faransa kuma panga. Wanda ke Landan ko Manchesta yana son tarwaɗa ta gaske, shagon 'yan Najeriya ko 'yan Gana zai nufa, ko na 'yan Bangladash, waɗanda ke da wata 'yar uwarta ta jini da suke kira magur. A Holan ma ana kiwon tarwaɗarmu cikin ɗakuna masu ɗumi tun shekarun 1980, ana raba ta cikin Turai. Shawarar da muka ba ɗan uwanmu ita ce ya bar babban kanti, ya nemi shagon 'yan Afirka ko na 'yan Asiya, ya nemi kifin da kansa da wutsiyarsa, ya duba da idonsa: kai shimfiɗaɗɗe mai tauri, ƙayar baya doguwa tun daga wuya har kusa da wutsiya, wutsiya zagayayya.

Masu kiwo na nan gida, wannan ɓangaren naku ne. Da yawa cikinku kuna buɗe YouTube ku rubuta catfish, sai bidiyon Amurka su fito, ga manyan tabkuna, ga injuna na kaɗa ruwa dare da rana. Wani ya karaya ya ce wannan sana'a ba ta talaka ba ce. Wani kuma ya kwaikwayi abin da bai shafe shi ba. Kifin Amurka da iskar da ke cikin ruwa kaɗai yake numfashi, in ta yi ƙasa cikin dare sai a wayi gari tabki ya yi fari da gawa, shi ya sa injunan. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a cikin kanta, mai rassa kamar bishiya, da ke ba ta damar shaƙar iskar sarari. Shi ya sa take rayuwa cikin ɗan ruwan da ya rage a tabki da rani, take jan ciki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, take kai wa kasuwa da ranta cikin baho. Shi ya sa kuma ake iya tara ta da yawa cikin kwamin siminti ko na tamfol a bayan gida, in dai ana canja ruwa. Wajen haihuwa ma ba su haɗu ba. Na Amurka ana aje masa tulu ko gwangwani cikin tabki, ya shiga ya yi ƙwai, namijin ya tsare. Tarwaɗa ba ta cika yin ƙwai da kanta a kwami ba: sai an yi wa macen allura, a matse ƙwan, a yanka namijin a ɗebo ruwansa a gauraya. Kuma manyanta na cinye ƙanana, dole a riƙa tace su ana raba su bisa girma, abin da ya fi kashe wa sababbin masu kiwo jari. Don haka in za ku nema, ku rubuta African catfish ko Clarias, da Faransanci kuma silure africain ko poisson-chat africain.

Sai zancen tsaraba, don mun san ba mai komawa Turai daga gida jakarsa ba ƙunshin banda. A ƙa'idar Tarayyar Turai, matafiyi na iya shiga da kifi na cin kansa har kilo 20, busasshe ko banda ko ɗanye da aka fidda wa ciki, kuma Ingila ma haka take. Nama da madara ne aka hana, wato kilishi da cuku su ne ke jawo matsala, ba tarwaɗa ba. A Amurka kuwa doka ta ce duk abincin da ke jakarka ka faɗa wa ma'aikacin duwan. In ya ce ba ya shiga, ya karɓe, shi ke nan. In ka ɓoye aka gano, tara ce. In ya tambaye ka wane kifi ne, kar ka tsaya gardamar suna, ka ce African catfish, busasshe, na ci a gida. Irin waɗannan ƙa'idoji ana taɓa su lokaci zuwa lokaci, a tambaya kafin a ɗaure kaya.

Akwai wata ma'ana kuma da ba ta da haɗi da tukunya, iyaye su saurara. In kun ji ɗanku ko 'yarku da ke waje ta ce wani ya yi mata catfish, ba kifi aka ba ta ba. A Ingilishin intanet, catfish shi ne mutumen da ya buɗe shafi da hoton wani da sunan ƙarya, ya ja wani cikin soyayya, sau da yawa don ya tatsi kuɗi. Ma'anar ta fito daga wani fim na Amurka mai wannan suna da aka yi a 2010, kan wani saurayi mai suna Nev Schulman da ya daɗe yana soyayya a Facebook da wata budurwa, daga baya ya gano matar aure ce mai shekaru ta ƙirƙiro ta. A cikin fim ɗin mijin matar ya ba da labarin cewa wai masu jigilar wani kifin teku da rai zuwa Sin sukan jefa catfish cikin tankin don ya riƙa tsokanar sauran kar su yi lagwas a hanya, ya ce akwai mutane masu irin wannan hali. Tashar MTV ta maida abin shiri a 2012, ƙamus ɗin Merriam-Webster ya shigar da ma'anar a 2014. Irin wannan damfara ta riga ta iso WhatsApp ɗinmu: hoton kyakkyawar yarinya ko na soja Bature, hira mai daɗi ta sati biyu, sannan a ce a turo jika goma na kati ko na asibiti. In aka ce a yi kiran bidiyo, kullum kyamarar tasu a lalace take.